Hatimin Barmo

Zaliha tana tankaɗe a tsakar gida, ranar kasuwar Madawa, sai ga mahaifinta Tsoho mahauci ya faɗo gidan tun hantsi, idanu jajur.

"Saude!" ya ƙwala wa matarsa kira. "Tara turamen da Barmo yak kawo, a maida mishi!"

Rariya ta suɓuce daga hannun Zaliha. Saura sati biyu a ɗaura mata aure da Barmo. Shi ne likitan Nasara ya ɗora a kan duba nama a mahauta, naman da bai buga wa shuɗin hatiminsa ba kuwa ba mai ikon sayar da shi.

"Baba, mi yay yi?"

"Bajimin da nis sawo kasuwar Buza! Ya ɗaga saiha, wai ta kumbura ta yi baƙi, wai ciwo na. Gaban jama'a yas sa anka zuba ma naman kananzir anka binne. Na Illa mahauci kau, tam, tam, ya buga mishi hatimi!"

Saude ta taɓe baki. "To, ai Illa na da ɗiya budurwa. Lantana. Ku dai ba ku gani, ni na daɗe da gani."

Maganar nan ta soki Zaliha. Ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta, tana tuno duk ranar da Barmo ya makara zuwa zance, tana ba kowace rana fassara.

Abin da Barmo bai sani ba da farko, mahautan gidan Tsoho suna da al'ada: da an feɗe sa, kafin kowa ya zo, sai a cire rabon gida. Gado ƙanen Tsoho ya riga ya yanke cinya guda, ya raba biyu, rabi gidansa rabi gidan wansa.

Da la'asar Barmo ya yi sallama. Tsoho ya ƙi fita. Zaliha ce ta leƙa ta kan danga, fuska a murtuke.

"Ka zo ganin ko mun mutu da kumya? Gidan Illa can gaba yake!"

"Zaliha, ƙahwa ukku niƙ ƙirga cikin ramen ga. Ina ta huɗu?"

"Au, yanzu kuma ɓarayi muke?"

"Ki tsane ni in kin so, a hwasa armen in an so. Amma don Allah kada naman ga shi shiga tukunyarku. Na gaya ma Gado, ya kore ni."

Ya juya ya tafi. Zaliha ta tsaya tana kallon ƙwaryar naman da Gado ya kawo. Zuciyarta ba ta gama yarda da shi ba, amma ta lura bai roƙi komai don kansa ba. Ta ɗauki ƙwaryar ta zaga bayan gari, ta haƙa rami mai zurfi ta binne.

Ranar ta sha faɗa! Saude ta ce an shanye ta, Tsoho ya ce ta zaɓi yaron Nasara a kan ubanta. Kwana huɗu ba mai amsa gaisuwarta. Ta haƙura, tana aikinta tana share hawaye.

Rana ta biyar aka aiko daga gidan Gado. Zazzaɓi ya kwantar da shi da matarsa, ga wani baƙin miki a hannun da ya yanka naman. Barmo ne ya ɗora su a jaki har gidan likita, ya yi ta zarya sai da suka tashi, da ƙyar.

Tsoho ya dawo daga dubiya ya zauna yana kallon yaransa ƙanana suna wasa a gindin murhu. Can ya ce, "Saude, ina turamen nan?"

"Suna cikin adaka, ban maida ba."

"Bar su nan. Zaliha, ki yahe mini."

Aka ɗaura aure ranar da aka sa. Tun daga nan, duk san da Tsoho ya yanka, ba a taɓa rabon gida sai shi da kansa ya ɗaga saifa ya miƙa wa surukinsa. Ku 'yanmata, ku riƙe wannan: wanda ya yarda ya rasa ki don kada ki cutu, shi ne mai sonki da gaske.