Gaskiyar da Ta Ja wa Pirogi

A filin da ake sakin karnuka a birnin Winnipeg na Kanada Renata ta fara ganin Callum, kuma da faɗa suka soma. Karenta Pirogi ne ya fizge masa burodi.

"Baiwar Allah, ba kya ba shi abinci ne?"

"Kai wa ya aike ka ci a tsakiyar karnuka?"

Kafin wata uku ya zama "Zumana", ita kuma "'yar rigimata".

Tare suka zauna zaɓar wa Pirogi inshorar lafiya. Kamfani huɗu suka duba, duk sharaɗinsu ɗaya: ciwon da kare ya shigo da shi ba ruwansu. Renata ta zaɓi mafi tsada, don Pirogi ya fara ɗingishi, tana tsoron sai an yi masa aiki a gwiwa.

Ranar gwajin lafiyar farko da kamfanin ya buƙata aiki ya riƙe ta, Callum ya kai Pirogi. Likita ta tambaya, "Ya taɓa ɗingishi?" Shi kuwa bawan Allahn nan ya buɗe baki ya ce, "Eh, tun watan jiya." Likita ta rubuta. Shi ke nan fa! Kamfani ya ce gwiwar ba ta cikin lissafinsa.

Ni kaina da na ji sai da raina ya ɓaci. Kare yana jan ƙafa, su suna nuna layi na goma sha bakwai a takarda!

Saƙonta ya iso masa: "Kalma ɗaya, Callum. A'a. Ita ce ta gagare ka? Kada ka sake kirana."

Ya amsa: "'Yar rigimata, an tambaye ni ne don a yi masa magani. Ba zan iya yi wa likitarsa ƙarya ba."

Mahaifinta Mista Obuchowski dama Brandt yake so mata, ɗan abokinsa. Ya buga tebur. "Wannan za ki aura? Mutumin da bai san inda ake yin shiru ba?"

Brandt, da ke zaune a wurin, ya yi murmushi. "Da ni ne, rantsuwa zan yi garau yake. Yanzu kam kare ne dai, sai ki samo wani."

Renata ta buɗe masa ƙofa. "Fita."

Kwana tara tana kuka, Pirogi ya daina hawa bene. A na goma asibiti suka kira: a kawo shi Litinin, an biya kuɗin aiki.

Ranar Litinin tana tsaye ƙofar asibiti da mahaifinta, sanyi kamar zai cire kunne, sai ga Callum ya sauko daga bas, hancinsa jawur.

"Ina motarka?"

"Na sayar."

"Motar da kake zuwa aiki da ita? Kai mahaukaci ne?"

"Ni na faɗi gaskiyar, ni zan ɗauki nauyinta."

Ta doke shi a ƙirji, sannan ta kifa kanta a wurin. "Har yanzu haushinka nake ji, Zumana."

"Na sani."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, can ya cire hularsa ta ulu ya jefa masa. "Rufe kunnenka, sakarai. Ba na son suruki mai kunne ɗaya."

A watan Yuni aka ɗaura aure a bakin tafki. Pirogi ya tako gaban amarya da ƙafa huɗu, har da ɗan gudu. Mista Obuchowski ya ɗora hannu a kan ango da amarya.

"Allah ya zaunar da ku lafiya. Renata, duk ranar da ya ce miki yana son ki, ki yarda. Wannan ko kashe shi za a yi bai iya ƙarya ba."