Wayar Zakariya'u Ta Daina Riƙe Caji

Tun da Zakariya'u ya samu aikin ofis ya koma unguwar Bonamoussadi, uzurinsa ɗaya ne idan 'yan uwa suka kira daga tsohuwar unguwarsu, New Bell: caji ya ƙare. Da shi ya tsallake jinyar Baffa Salman, wanda ya raine shi, da shi kuma ya tsallake jana'izarsa. Daga ranar sai wayar ta gaskata shi. In ya cika ta da safe, kafin azahar ta mutu. Mai gyara ya ce localisation, wato abin da ke nuna inda mutum yake a taswira, ita ce ke shanye batirin. Zakariya'u ya kashe ta, ta kunna kanta.

Wata magariba da aka ɗauke wuta ya tsayar da benskin, babur ɗin haya, ya hau. Mai babur ɗin bai tambaye shi ina za shi ba. Rigarsa na ƙamshin kafur da jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma duk ramukan titin ba su girgiza su ba.

"Mon frère, ɗan'uwa, ba nan ce hanyata ba," in ji Zakariya'u.

"Yau wayarka na da caji, ɗana?"

Zakariya'u ya duba. Saura ƙiris, taswira a buɗe, ɗigo biyu, nasa da na wani, sun haɗu wuri guda.

"Ba ta riƙewa kwanan nan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ai neman mutum akwai cin wuta. Na sha wuya kafin in same ka."

Suka shiga lungunan New Bell. Zakariya'u ya sunkuyar da kai, sai idonsa ya faɗa kan ƙeyar mutumin. Ita ce ƙeyar da ya saba kallo yana yaro, a bayan keken Baffa Salman, a hanyar makaranta.