Fuska a Jikin Tagulla

Rana ta yi ja lokacin da Armiya'u ya baro Gurbin Bore a kan babur, da ragowar maganin dabbobin da bai sayar ba ɗaure a baya. Sana'arsa ke nan, daga wannan kasuwa zuwa waccan. Amma abin da ransa ke so yana gida, a Ƙaura Namoda: wani ɗan injin fere ƙarfe da bai fi keken ɗinki girma ba. Injin yakan riƙe sandar ƙarfe yana juya ta, shi kuma ya tokara mata kurfi mai kaifin baki, yana ferewa da hannu har ta zama limamin carbi, ko kan sanda, ko maɓallin riga. Ba ya awo, ba ya zane. Yana alfahari da hannunsa fiye da yadda yake alfahari da iyalinsa.

Tagulla ce ke masa wuyar samu. Shi ya sa kafin Zurmi ya ratse, ya shiga wani kufai, ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa shekarun baya. An ce masa kwanson harsashi na nan zube kamar ɓawon gyaɗa.

Ya kuwa same su. A gindin rumbu, a bakin rijiya, a ƙofar wani ɗaki mara rufi. Wurin yana warin tsohuwar gobara da kashin jemage. Ya tsuguna yana tsinta yana zubawa a leda.

"Malam."

Wata tsohuwa ce zaune a kan kifaffen turmi, lulluɓe da baƙin zane. Bai ji zuwanta ba. Ta ba shi gefe, ba ta dube shi ba.

"Inna, ashe da sauran mutane nan?"

"Babu," ta ce a hankali. "Aje abin ga."

"Shara ta, Inna. Wa ka son ta?"

"Abin da yaf fita cikinsu ya ci, ya ƙoshi. Su ba su ci komi ba. Dubi bakinsu buɗe."

Ya yi dariya. Ya laluba aljihu, ya jefa mata ɓarin goro a ƙasa kamar mai jefa wa kaza tsaba, ya tayar da babur.

Ranar kasuwar Shinkafi ya kai wa Tambari maƙeri ledar, ya narkar masa da su, ya zuba sanda ɗaya mai kaurin babban yatsa.

"Tagullar ga kuka takai cikin wuta," in ji Tambari yana share gumi. "Ina kas samo ta?"

"Kai dai tsuhwa ya kama ka. Zuba min abina."

A gida, bayan la'asar, ya yanke rabin sandar ya ɗaura a bakin injin. Ya naɗe hannun riga, ya kunna fitilar da ke rataye a gefe. Injin ya ɗauki gurnani. Kurfi ya taɓa tagulla, siraran zare masu walƙiya suka fara zubo masa a yatsu, da ɗumi. Limamin carbi ya yi niyya. Amma hannun yana shiga inda bai aike shi ba, yana ja da baya inda ya so ya danna.

Ya ɗaga kai ya dubi bango. Inuwar abin da ke juyawa ta faɗi can, babba, tsaf. Gefenta fuska ne. Goshi mai tudu, faffaɗan hanci, leɓen ƙasa a sake. Tambari ne sak.

Abin ya ba shi dariya. Ya yanke shi da zarto, ya ajiye a kan taga, da nufin ya kai wa maƙerin ya tsokane shi.

Ana kiran magariba, warin tsohuwar gobara ya cika ɗakin. Wani hannu baƙi, busasshe, ya leƙo ta taga, ya lalubi tagullar, ya janye.

Washegari labari ya iso da motocin Shinkafi. An tarar da Tambari zaune a bakin maƙerarsa, guduma a hannu, ba rauni, ba ciwo, ba rai.

Armiya'u ba wawa ba ne. Mutum biyu suka taɓa tagullar, wanda ya narka da wanda ya tsinto, ga kuma rabin sanda ya rage. Sai ya yi dabara: zai ɗaura ragowar ya fere ta duka ta koma gari, kada tsohuwar ta sami abin ɗauka.

Ya fara da hantsi. Batirin sola da ke juya injin ya mutu. Ya jira rana ta cika shi, bai tashi ba sai da la'asar ta yi sanyi.

Ya danna kurfi da ƙarfi, a miƙe. Kurfin ya ƙi tafiya a miƙe. Ya kama wuyan hannunsa da ɗaya hannun. Banza.

A bango, goshi ya fito. Dogon hanci. Baki. Tsinin gemu.

Kullum yana ganin fuskar nan a madubin babur.

Ladan ya ɗaga murya a masallacin unguwa. Warin ya shigo. A kusurwar ɗakin, inda yake tara gwangwanayen mai, akwai baƙin zane zaune, ya ba shi gefe.

"Miƙo," ta ce.

"Inna, ban gama ba."

"To gama."

Injin ragewa kawai yake yi, ba ya ƙari. Armiya'u ya san wannan fiye da kowa. Daga fuskarsa ba zai iya zuwa ko'ina ba sai fuskar da ta yi kama da ita, ta kuma fi ta ƙanƙanta. Ya tuna ƙanensa Maiwada, direba, uwa ɗaya uba ɗaya. Goshinsu ɗaya, bakinsu ɗaya. Hancin Maiwada ya ɗan fi gajarta, kuma ba ya ajiye gemu. Babu abin da ya taɓa haɗa su. Maiwada ne ma ya ɗauko masa injin daga Kano a motarsa.

Tunanin bai ɗauke shi dogon lokaci ba.

Ya sa kurfi a gemun. Wannan karon hannun ya bi shi. Gemu ya zube. Ya matsa zuwa hancin, yana shafta kaɗan-kaɗan, numfashi a riƙe.

"Baba!"

'Yarsa Iyatu ce a bayan ƙofa, yarinya 'yar firamare, wadda kowa ke cewa kamar shi ya yi kaki ya tofar.

"Baba, ga buta. An yi kira."

"Tsaya nan! Kak ki shigo!"

Tafinsa ya jiƙe da gumi. Kurfin ya zame, ya cafki tagullar, ƙau! Injin ya girgiza. Ya fizge hannu.

Ya dubi bango.

Hancin ya tafi fiye da kima. Haɓar ta zama 'yar mulmulalliya. Goshin na nan, bakin na nan.

Ba Maiwada ba ne.

A waje yarinyar tana ƙwanƙwasa murfin buta da farce, tana 'yar waƙarta ta makaranta.

"Wagga ta?" tsohuwar ta raɗa. "Ko in bar ta, in tahi da kai hakanan? Ni duk ɗai na gare ni."

Injin yana juyawa. Ladan ya kai ƙarshen kira.

Armiya'u ya kashe injin.

Ya ɗauki zarto, ya yanke.

Tagullar tana da zafi, ta ƙona masa yatsu. Ya miƙa wa tsohuwar da hannun dama.

Waƙar ta tsaya. Buta ta faɗi. Ruwa ya gangaro ta ƙarƙashin ƙofa, ya taɓa masa ƙafa.

Da safe aka kai Iyatu. Maiwada ne ya ɗauke ta a hannunsa har maƙabarta, shi ne ya shiga rami, shi ne ya yi kukan da sai da dattawa suka tsawata masa. Armiya'u bai zubar da hawaye ba, mutane suka yi ta yabon tawakkalinsa.

Kwanakin zaman makoki, 'yan'uwan biyu suna kan tabarma ɗaya a ƙofar gida suna karɓar gaisuwa. Duk sanda Maiwada ya juya zai amsa wa wani, Armiya'u sai ya kafa wa gefen fuskarsa ido, yana auna hancin nan, yana ganin ɗan abin da ya rage da shi ne ya fito a bango, ba Iyatu ba. Bai kai kaurin farce ba.

Tun daga lokacin ya daina shiga motar Maiwada, ya daina cin tuwon gidansa. Maiwada ya aiko dattawa su tambayi laifinsa, ba su samo amsa ba. Har yau Armiya'u bai yafe masa ba.