Wanda Ya Lulluɓe Majinyacin Roba

Ranar jarrabawar ɗaliban jinya a garin Zwolle, majinyacin roba ya ƙi numfashi. Shi ne mutum-mutumin da ake gwada ɗalibai a kansa, mai tari da nishi, har bugun zuciya gare shi. Da aka yaye masa mayafi zuwa ciki, sai ga ƙirji a farke, an datse wayoyi kaf. Kowa ya yi cirko-cirko, dole aka ɗage jarrabawa.

Nan take laifi ya faɗa kan Marit Veenstra, ɗalibar da ta yi atisaye a ɗakin jiya da yamma. Kora kawai take jira.

Sufeto Brinkhuis, ɗan sandan da aka kira bincike, ko kallon wayoyin bai yi ba. Wajen ƙafafun majinyacin ya tsura wa ido, inda mayafin ke soke har yanzu.

"Joris, kai ke kula da mutum-mutumin. Ka gyara gadon nan?"

"Ni? Yallaɓai, ko nawa na gida ban san yadda ake yi ba."

"Marit, gyara mini wancan gadon."

Ta ja mayafi, ta cusa shi ƙarƙashin katifa yadda ta ga dama. Malama Hiltje, babbar mai jarrabawa, ta kasa daurewa.

"Kai, yaran yanzu! Matsa, wannan ai ɗaurin buhu ne."

Ta ɗaga kusurwa, ta ninke, ta soke, tsaf kamar bakin ambulan.

"Har yanzu ana koyar da wannan ninkin?" in ji sufeto.

"Ina! An daina tun kafin a haifi waɗannan. Duk makarantar nan ni kaɗai..."

"Irinsa ne a gadon da aka yi ɓarna," ya ce. "Joris bai iya ba, Marit ba a koya mata ba. Malama, ke kika farke majinyacin, amma hannunki ya ƙi barinsa a buɗe."

Malama Hiltje ta zauna a bakin gado.

"Ɗana Tjeerd ne zai shiga jarrabawar yau. Damarsa ta ƙarshe ke nan, kuma na san bai shirya ba. Mako guda kawai nake nema masa."

Marit ta dube ta, baki buɗe, hawaye na zuba.

"Malama, ke fa kika fara cewa a kore ni."