Minti Biyu a Fim ɗin Abdulfattah

Bashira tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai, mahaifiyarta Inna Safara'u na gefen murhu tana gyaran tarwaɗa, sai ga Malam Shu'ibu ya shigo da sallamar da da ƙyar aka ji ta. Ya jingine kekensa a jikin rumbu, ya zauna a tabarma ko hula bai cire ba.

"Malam, lafiya? Ba ka ce sai magariba za ka baro kasuwa ba?" in ji Inna.

Ya dubi 'yarsa ya ce, "Bashira, matso nan. Yaron nan naki, wa ya ba shi izinin nuna wa duniya hawayena?"

Ta ajiye faifan ta durƙusa a gabansa, don ta san inda maganar ta dosa.

Yaron da ake magana shi ne Abdulfattah, ɗan Hajja Yagana ta unguwar Matsaro. Ya yi karatun aikin jarida a Kano, abokansa suka tsaya can neman shiga manyan kamfanonin fim, shi kuwa ya dawo Haɗejia da kyamara ɗaya da tsohuwar kwamfuta, ya ce labarin mutanensa zai riƙa ɗauka. Bashira malamar Hausa ce a makarantar 'yan mata, tana kuma rubuta sharhin fina-finai a shafinta na waya, inda dubban mutane ke bibiyarta saboda ba ta yabon abin da bai cancanta ba. A nan suka haɗu. Ta rubuta cewa ƙarar iska ta cinye muryoyi a wani ɗan fim ɗinsa, ya zo yin gardama, gardama ta koma hira, hira ta kai ga iyaye. Har an sa musu rana.

A shekarar da kogi ya yi ambaliya ya cinye gonakin fadama, Abdulfattah ya yi sati uku a kwalekwale yana ɗaukar ɓarnar. Malam Shu'ibu da kansa ya tuƙa shi zuwa gonarsa ta hanyar Kafin Hausa. Da suka isa babu gona, sai ruwa, da kan shinkafa jefi-jefi yana leƙowa. Tsohon ya ajiye gora, ya zauna a cikin jirgin, ya rufe fuska ya fashe da kuka yana kiran sunan mahaifinsa wanda ya share gonar. Kyamara tana kunne. Minti biyu aka yi a haka. Satin da ya wuce aka nuna fim ɗin, Bayan Ruwa Ya Janye, a wani ɗakin taro na gari, kafin kwana biyu yara sun yanko wurin kukan ya shiga wayoyi.

"Dariya aka yi muku, Baba?" Bashira ta tambaya a hankali.

"Da dariya ce da na shanye. Ina rumfar hatsi wani sa'ana, wanda muka tashi tare, ya auno shinkafa kwano biyu ya miƙo mini a gaban mutane, wai sadaka, ya ga halin da nake ciki. Ni da na shekara arba'in ina fitar da zakka daga gonar nan." Sannan ya ce, "Ranar auren da aka sa, na janye ta. Ba zan ba da 'yata ga wanda bai san abin da ake rufewa ba."

Inna ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Bashira ta tashi ta shige ɗaki, hawaye na zuba, domin a ranta ta san Baba bai yi ƙarya ba.

Washegari da hantsi Abdulfattah ya same ta a ƙofar makaranta, fuskarsa cike da fara'a.

"Albishirinki, an zaɓi fim ɗin a bikin fina-finai na Legas. Kin ga abin da masu sharhi suke rubutawa? Duk a kan wurin kukan Baba suke magana. Wani ma cewa ya yi shi ne zuciyar fim ɗin."

Ta gaya masa abin da ya faru. Fara'ar ta ɓace, amma bai sauko ba.

"Bashira, in na cire wurin nan fim ɗin ya mutu. Saboda su Baba na yi shi fa, don a ga abin da ruwa ya yi wa manoma, a zo a gyara musu magudanai."

"Ka tambaye shi kafin ka saka?"

"Ai ya ga kyamara a hannuna."

"Ya gani, amma ba da mai fim ya shiga jirgin ba, Abdul. Da surukinsa ya shiga, shi ya sa bai ɓoye ba."

"To ke a wane ɓangare kike?"

Ƙararrawar shiga aji ta raba su.

Kwanaki suna tafiya, mabiyanta suna ta tambaya a shafinta: Malama, ina sharhin fim ɗin angonki, ko alƙalamin ya bushe ne? Ranar wata Asabar, zuciyarta a cunkushe, ta zauna ta rubuta. Ta yabi yadda ya ɗauki safiyar fadama, da yadda ya bar masunta suka yi magana da bakinsu ba tare da ya sa musu kiɗa a baya ba. Sannan ta ce: "Amma akwai minti biyu a fim ɗin nan da ba na mai fim ba ne. Ya ɗauko su ne daga mutumin da bai ba shi ba. Kyawun hoto ba ya halatta abin da aka ɗauka ba da yardar mai shi ba." Ta danna, ta saki.

Kafin azahar rubutun ya zagaye gari. Kafin la'asar Hajja Yagana ta yi sallama a gidan, mayafinta a kafaɗa, ta ƙi zama a tabarmar da aka shimfiɗa mata.

"Safara'u, na zo ne in ji ko da saninku 'yarku ta kira ɗana ɓarawo a gaban duniya. Maraya ne, ni na raine shi da sana'ar turare, ban taɓa jin an ce ya ɗauki allurar wani ba. Tun ba ta shiga gidansa ba ta tsiraita shi, in ta shiga fa? Ku kun janye rana, to mu ma mun janye ɗanmu."

Bayan ta fita, Bashira ta ce, "Inna, ai gaskiya na faɗa."

"Gaskiya ce. Kin nuna masa kafin ki saki?"

"Ban nuna masa ba."

"To kin gani. Abin da ya yi wa babanki, shi kika yi masa. Shi da kyamara, ke da alƙalami. Ku duka kun iya aikinku, sai dai kun manta cewa mutum ne a ɗaya gefen."

Wannan maganar ta fi ta Hajja yi mata ciwo. Ta tura wa Abdulfattah saƙo ta ce ba ta janye abin da ta gani a fim ɗin ba, amma ta yi kuskure da ba ta fara gaya masa shi kaɗai ba, ya yafe mata. Ta ga alamar ya karanta. Bai amsa ba.

Haka aka shiga watanni masu nauyi. Ƙawayenta suka ce ta goge rubutun ta huta, wasu suka ce ta ƙara wani ta gama da shi. Ba ta yi ko ɗaya ba, ba ta kuma tanka wa kowa a shafin ba. Duk ranar Juma'a sai ta je gaida Hajja. Zuwan farko Hajja ta juya mata baya. Na biyu ta amsa da "lafiya" kawai. Bashira ba ta fasa ba, in ta tarar ana haɗa turaren wuta sai ta zauna ta taya dakan hawi da jiƙa itace, in an gama ta yi sallama ta tafi. A gida kuwa ba ta sake ɗaga wa Baba zancen ba, ko da ya fara ambaton wani malamin asibiti daga Kaugama da ya aiko a tambaya. Sai dai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ina roƙon a ƙara mini lokaci."

Shi kuwa Abdulfattah ya tafi Legas da fushinsa. Aka nuna fim ɗin a ɗaki cike da baƙi. Da aka zo wurin kukan, ɗakin ya yi tsit, da aka gama aka tashi tsaye ana tafi. Wajen amsa tambayoyi wata dattijuwa ta karɓi abin magana ta ce, "Mutumin nan da ya sa mu kuka, mene ne sunansa? Kuma me ya ce da ya ga kansa?"

Abdulfattah ya waiwaya ya dubi allon da ke bayansa. A ƙarƙashin hoton tsohon, kalma ɗaya ya rubuta: Manomi. Mutumin da ya ci tuwo a gidansa ba adadi, wanda ya tuƙa shi a jirgi, ya yarda zai ba shi 'ya. Ya ajiye abin maganar ya fita daga ɗakin. Da gari ya waye ya gaya wa masu bikin kada a sake nuna fim ɗin, ya hau mota ya dawo gida.

Lokacin noman rani ne, ruwa ya ja baya, an fara dashe. Malam Shu'ibu ya isa gona da sassafe ya tarar da mutum a cikin magudanar ruwa har gwiwa, yana saran ciyawar kacala da ta toshe hanya. Ya gane Abdulfattah ne. Ya amsa gaisuwa ya wuce. Washegari ma haka, jibi ma haka. Hannun Abdulfattah ya yi bororo ya fashe, bai zo da kyamara ba, bai kuma nemi a saurare shi ba. A rana ta tara, tsohon ya zauna a gindin giginya ya buɗe ƙwaryar fura ya ce, "Kai, fito ka sha. Ba haka ake riƙe lauje ba ma."

Abdulfattah ya durƙusa. "Baba, na ci amanarku. Na dakatar da fim ɗin, zan cire wurin. Amma wanda ya shiga wayoyin mutane ba ni da ikon dawo da shi, ba zan yi muku ƙarya ba. Ku yafe mini ko da ba za ku ba ni Bashira ba."

Malam Shu'ibu ya ɗaga kai ya dubi gonar.

"Kukan na yi shi, ba ƙage ka yi mini ba. Abin da ya ƙona mini rai, ka ɗauki ranar da na faɗi ka tafi da ita, ba ka dawo ka ga ranar da na tashi ba. Wanda ya kalla zai ɗauka har yau ina cikin jirgin nan ina kuka. Dubi gonar nan. Gobe ka zo da na'urar taka."

Wata uku suka yi suna aiki. Tsohon ya riƙa cewa ɗauki nan, bar can, ya yi bayanin irin shinkafar da ke jure ruwa, ya kira maƙwabtansa suka faɗi yadda kacala ke karkatar da kogi, kowa aka tambaye shi kafin a kunna. Bayan girbi Abdulfattah ya kawo kwamfutarsa gidan da la'asar, aka ɗora ta a kan turmi. Hajja Yagana ma ta zo, kuma Bashira ce ta riƙo mata jaka tun daga Matsaro. Da aka zo minti biyun nan Abdulfattah ya tsayar, ya ce, "Baba, hukuncinku."

"Bar shi," in ji Malam Shu'ibu. "Yanzu da akwai abin da ya biyo baya, ban ji kunyarsa ba. Ni na ba ka."

Bashira ta rufe fuska da mayafi. Hajja ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ke kuma kukan me? Safara'u, ku sake sa mana rana, yarinyar nan ta riga ta koyi haɗin turarena, ba zan bari ta kai shi wani gida ba."

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah. Fim ɗin bai sake zuwa Legas ba, amma ya zagaya Birniwa da Kaugama da ƙauyukan bakin kogi, ana kafa farin ƙyalle manoma suna kallon kansu suna gardama a kan magudanai. Ranar da za a kai amarya, Malam Shu'ibu ya kira su biyun zaure ya ce, "Allah ya ba ku sana'ar nuna wa mutane gaskiya, kada ku bar ta. Amma duk gaskiyar da za ku fitar, ku fara kai ta gaban mai ita, ku dubi idonsa. In kun yi wa bare haka, ku yi wa junanku fiye da haka. Kuma kun ga da ɗayanku ya yi gaggawar yanke ƙauna, da yau ba ma zaune a nan."

Suka amsa da "In sha Allahu, Baba," kansu a ƙasa. Tsohon ya juya ya fuskanci bango yana gyara hula don ɓoye ƙwallarsa, ya daɗe bai juyo ba, su kuma suka jira shi har ya gama.