Madarar Kurkum da Hannun Hagu

"Ranar Lahadi zan miƙa kaina, Sajida."

Ledar da ya miƙo mata ta kusa suɓucewa daga hannunta. A ƙofar gidansu da ke unguwar Kurayyat suke tsaye bayan sallar La'asar, ita rabin jikinta a bayan labule, shi kuma daga waje, ya sunkuyar da kai kamar mai laifi.

"Ka miƙa kanka ina?"

"Wurin hukuma, su mayar da ni gida. Jikin Hajiyarmu ya yi tsanani. Jiya ƙanwata ta kira ni daga Funtuwa, ta ce ko abinci ba ta ci, sai kiran sunana take yi."

"Muntaka... ka san in ka fita ta wannan hanyar babu dawowa?"

"Na sani."

Shekara shida ke nan da ya zo umra ya zauna, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, yana tsaron shagon kayan ƙamshi na wani tsohon Bayamale a kasuwar Bab Makka. A can suka haɗu, ranar da ta je sayen kurkum saboda mahaifinta. Tun daga nan ba ta ƙara kallon wani namiji da idon so ba.

"Ki amince a ɗaura mana aure kafin in tafi," ya ce a hankali. "In kin kintsa sai ki biyo ni. Wallahi ba zan bari ki wahala ba, masoyiyata."

"In bar wa wa Baba?"

"Yayanki Mohannad..."

"Mohannad yana Dammam! Sau biyu a shekara muke ganinsa, kai ma ka sani!" ta ce. "Kai ka zaɓi mahaifiyarka, ni kuma in jefar da mahaifina? Halas, Muntaka! Shi ke nan!"

Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Gaskiyarki ce. Ba ni da bakin cewa komai." Ya nuna ledar. "Akwai kurkum da girfa da hel, 'ya'yan ƙamshin nan na shayi, a ciki, ni na zaɓa da hannuna. Za su kai ku wata shida. Ki gaishe min da Baba."

Ta saki labulen tun kafin ya juya, don kar ya ga fuskarta.

Kicin ta wuce kai tsaye. Tun da mahaifiyarta Zakiya ta rasu bara, ɓarin jikin mahaifinta Malam Abdulghani na dama ya shanye, ya kuma daina cin abincin yamma. Abu ɗaya yake karɓa kafin Magariba: madara mai ɗumi da kurkum, irin wadda marigayiyar take haɗa masa. Sajida ta sha kwaɓa ta kafin hannunta ya faɗa.

Ta zuba madara kofi biyu a ƙaramar tukunya, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Za ta kunna gas ke nan ta ji ƙarar keken guragun da yake zama a kai a bayanta. Da ƙafa ɗaya da hannun hagu ya turo kansa tun daga ɗaki.

"Baba! Me ya fito da kai? Da ka kira ni mana."

"Matsa, ya binti, 'yata. Yau ni zan haɗa."

"Kai kuma? Da wane..." Ta haɗiye sauran maganar.

"Da wannan." Ya ɗaga hannun hagu. Maganarsa a hankali take fita tun da ciwon ya same shi, amma babu wasa a cikinta. "Ki tsaya gefe, ki faɗa min. Kar ki taɓa komai."

Ashe ya ji duk abin da aka yi a ƙofa.

Ta matsa gefe. Ya kunna wutar a karo na uku.

"Rage ta, Baba. Ba a so ta tafasa, ɗumi kawai za ta yi."

Ya rage.

"Sai kurkum, rabin ƙaramin cokali."

Ya tusa cokalin a cikin kwalba, ya ɗebo. Hannun yana karkarwa. Kafin ya kai bakin tukunya rabin garin ya zube a kan farar jallabiyarsa, ya yi mata rawaya tun daga ƙirji har cinya. Sajida ta yunƙura.

"Na ce kar ki taɓa!"

Ya sake ɗebowa. Wannan karon ya shiga. Ya jefa sandar girfa, ya jefa ɗan gutsuren citta. Hel ɗin ne ya gagare shi fasawa, sai ya sa guda uku a baki ya datse da haƙori, ya zuba.

"Masoro kaɗan, Baba, ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Sai ka riƙa juyawa."

Ya kama cokali yana juyawa. Madarar ta fara rinewa, ƙamshin girfa ya cika kicin ɗin. Amma babu hannu na biyu da zai riƙe tukunyar, duk juyin da ya yi sai ta gusa. Ya yi ƙoƙarin tare ta da gwiwar hannu, ta karkace, madara mai zafi ta kwararo kan murhu, ta kashe wutar, ta gangaro ƙasa.

Sajida ta yi sauri ta rufe gas, ta durƙusa tana duba ƙafarsa.

"Ka ƙone? Baba, nuna min! Ka ƙone?"

Cokalin yana hannunsa har yanzu. Da ta ɗaga kai sai ta ga hawaye na bin gemunsa. Ko ranar da aka fita da gawar mahaifiyarta ba ta ga kukansa ba.

"So na yi in nuna miki zan iya," ya ce. "Don ki tafi da zuciya ɗaya. Ashe ko madara ba zan iya ɗumamawa ba."

"Babu inda zan je! Wallahi babu inda zan je, Abuya, babana!" Ta kifa kanta a gwiwarsa, ta fashe da kuka.

Ya bar ta ta yi mai isarta. Sannan ya ajiye cokalin, ya dafa kanta.

"Kin san shekarata nawa da barin Haɗejia?"

Ta girgiza kai.

"Arba'in da ɗaya. Na ce wa mahaifiyata bayan aikin Hajji zan dawo. Kullum sai in ce baɗi. Wasiƙa uku aka aiko min tana nemana, ta huɗu ta rasuwarta ce." Ya numfasa. "Yaron nan abin da na kasa yi shi zai yi. Mutumin da ya bar ki don uwarsa, ba zai wulaƙanta ki ba. Ba zan zama silar rabuwarku ba, Sajida."

"To ya kake so in yi? Ba zan bar ka ba."

"Ban ce ki bar ni ba. Tare za mu tafi."

Ta ɗago da sauri. "Baba... Mama fa? Kai da kake cewa kusa da ita za a binne ka?"

Ya girgiza kai.

"Zakiya ba ta buƙatar ƙasusuwana. Addu'a take buƙata, ita kuwa daga ko'ina tana isa. Ina da ƙanwa a raye a Haɗejia, rabona da ita tun tana goyo." Ya share fuskarsa da hannun riga. "Ke ce abin tausayi, ke da aka haifa a nan, ba ki san kowa a can ba. Za ki iya?"

Sajida ta tuna ƙawayenta, ta tuna lungunan Bab Makka da ta sani kamar tafin hannunta, da Hausarta da baƙi daga gida suke yi wa dariya. Tsoro ya kama ta sosai. Duk da haka ta gyaɗa kai.

"Yalla, tashi ki sake ɗora wata," ya ce. "Ki yi kofi uku. Ki ba ni wayata."

Ta goge murhun, ta ɗora sabuwar madara. Tana juyawa tana jin muryarsa daga falo: "Muntaka, duk inda ka kai, ka juyo." Da gefen tukunyar ya fara ƙananan kumfa ta sauke, ta tace, ta bari ta ɗan huce kafin ta sa zuma.

Muntaka ya shigo da sallama, ya durƙusa a gaban keken. Da ya ji maganar, sai ya kama hannun tsohon ya ɗora a goshinsa, kafaɗunsa na girgiza.

"Kai ka riga mu tafiya," Malam Abdulghani ya ce. "Mu sai mun gama da kafili mai ɗaukar nauyin zamanmu da takardun fita, wata biyu ko uku. Ka ce wa mahaifiyarka surukarta na nan tafe, ta daure ta jira ta."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka ɗaura auren a falon gidan, da limamin unguwa da shaidu biyar. Mohannad ya iso daga Dammam da safiyar ranar, ransa a ɓace da farko, amma shi ya raba dabino.

Washegari da hantsi Malam Abdulghani ya ce a kai shi maƙabarta. Sajida ta tsaya daga wajen ƙofa, Muntaka ya tura keken zuwa ciki. Daga nesa take hango su: tsohon ya ɗaga hannunsa ɗaya yana addu'a, mijinta na kwana ɗaya yana tsaye a bayansa, ya tare masa rana da jikinsa.

Sun fi rabin awa kafin su fito. Muntaka ya dube ta, ya yi ƙasa da murya.

"Gobe war haka na tafi, Sajidata. Kar ki yi kuka a gabana, ba zan iya tafiya ba."

"Ba zan yi ba," ta ce, alhali hawayen sun riga sun jiƙa niƙabinta.

Ta juya ga mahaifinta. "Baba, me ka ce mata?"

Tsohon ya kalli ƙofar maƙabartar sau ɗaya, sannan ya kawar da kai.

"Na ce mata na aurar da ke. Na kuma nemi ta yafe min, zan je gida."