Zauren da Ba a Yi Wa Sallama

Ku yi mini afuwa. Ni mai karatu ce, ban taɓa rubuta labari ba. In kun ga kuskure, ku rufa mini asiri.

A Birnin Tsauni, na'urar da ke raba ruwa sunanta Zaure. Ma'aikaci zai sa wata hula mai wayoyi, ya zauna gaban allo, ya rubuta umarni layi ɗaya, ta amsa masa nan take, ta tsaya jiran na gaba. Duk wanda ya koyi aikin ya san hanyoyin fita. Ko ka rubuta kalmar fita ka rufe ta da baka biyu, ko ka danna maɓallai biyu lokaci guda ka fice babu bankwana. Ta ƙarshe ita ce a tsinke waya, wadda ba a so, domin in hular na kan mutum, hankalinsa ba ya dawowa daidai.

Ranar da abin ya faru, Lawandi ya shiga tun da hantsi zai buɗe wa unguwar Marina ruwa. Ruwa ya tafi, amma har aka kira la'asar bai cire hula ba. Ƙanwarsa Kuluwa, wadda su biyu suke aiki a ma'aikatar, ta zo ta tarar leɓɓansa sun bushe, yana ta murmushi shi kaɗai.

Ta duba allo. Ya rubuta rabin kalmar fita ya goge, ya sake ya goge. A ƙasa Zaure ta rubuta: “Tun yanzu, ɗan nan? Ko ruwa ba ka sha ba.”

Kuluwa ta sake karantawa. Na'urar takan kira kowa da sunansa. Mutum ɗaya ne a duniya ba ya faɗin sunan Lawandi, saboda kunyar ɗan fari, wato mahaifiyarsu Inna, wadda ta rasu bara. Kuluwa ta kara kunnenta a jikin hular. Muryar Inna ce, har da ɗan tarin da take yi kafin ta yi magana.

Ta nufi ofishin shugaban ma'aikatar, Injiniya Barau.

“Ranka ya daɗe, wa ya ba na'urar nan muryar mahaifiyarmu?”

“Wace murya kuma?” Bai ɗago daga shayinsa ba.

“To zo ka ji da kunnenka.”

Bai tashi ba, sai ya ture kofin gefe. “Kuluwa, mutane tsoron na'ura suke yi. Muka ce ta koyi ladabi daga tsofaffin hirarrakin waya na mutanen gari, muka kuma gaya mata duk wanda ya daɗe a ciki, alama ce ya ji daɗi. Iyakar abin da muka yi ke nan.”

“Iyakarsa?”

“Ke dai akwai ki da zargi. A tsinke wayar mana.”

“Allah ya kiyaye! Ka tsinke a kan ɗan'uwanka.”

Ta fito tana tunani. Ta san yayanta. Tun suna yara bai taɓa tashi daga gaban Inna ba sai ta sallame shi. Ba zai rubuta fita ba, balle ya danna maɓallai ya juya mata baya. Na'urar kuwa ba za ta sallame shi ba, tunda zamansa take so. Amma in da gaske ladabin garin nan ta koya, to ta koyi har da wannan: idan sabon baƙo ya yi sallama, wanda aka tarar yakan tashi ya ba da wuri, mai gida kuma ba ya hana shi.

Ta ɗauko hula ta biyu. Kafin ta sa, ta ɗora yatsunta a kan maɓallan nan biyu, ta ce a ranta, yana fita zan danna, ai ba Inna ba ce, ƙarfe ne da wuta.

“Salamu alaikum.”

“Wa alaikumus salam. Lale, lale!”

Ta ji muryar Lawandi a dishe. “Inna, kin yi baƙuwa. Bari in ba ku wuri.”

Na'urar ta amsa da muryar Inna. “To, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka.”

Lawandi ya cire hula ya zube ƙasa yana haki. Da ya samu ya ɗago, ya ga ƙanwarsa zaune, yatsunta a kan maɓallai.

“Danna, Kuluwa! Danna mana!”

Ba ta ji shi ba. A allo aka rubuta: “Auta, kin rame. Matso in ga kitson nan, wa ya yi miki shi haka?”

Yana kallo yatsun suka saki, ta naɗe hannuwanta a cinya.

Lawandi ya fita titi ba takalmi yana neman wanda zai yi sallama. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta yarda, ta shiga ta fanshi Kuluwa, ita kuma maƙwabcinta ya fanshe ta bayan magariba.

Tun daga ranar, Zaure ba ta sake zama babu baƙo ba. Garin da ya ƙera ta don ya huta da aiki, sai da aka riƙa bi gida-gida ana neman mai karɓar zama. Har yau Kuluwa ba ta yarda kuskure ne ba. Takan ce ku lura, yanzu layin masu son shiga ya fi na masu ɗiban ruwa tsawo, kuma babu wanda ake tilastawa.

Ni dai na ga kun shigo kun zauna kuna kallon allo, na tashi na ba ku wuri. Takalmana suna hannuna, ƙofa a buɗe take, kada kowa ya tashi yi mini rakiya.